Injin Ban Ruwa a Gidan Burodi

Ba a yin sati biyu sai wata cikin ƴan matan unguwarmu ta shigo mini gida, ta tura mini waya har kan hanci, ta ce, "Tanti, wanne za ni saye, ja ko fari?" Hotunan injin kwaɓi ne masu sheƙi. Ni kuwa tambayata ɗaya ce kullum: me za ki kwaɓa? Sai ta tsaya tana kallona kamar na tambaye ta sunan kakan kakanta. A ganinku sana'ar nan zuba fulawa ce, a fasa ƙwai, a danna maɓalli, a koma gefe ana latsa waya har abu ya yi kansa. To ku nemi kujera ku zauna, ku ji yadda na zaɓi nawa injin, da yadda ya kusa zaunar da ni.

Aikin farko da aka sa ni shi ne kwaɓin gato, wato kek, na wani biki a Malanbil, ƙetaren gadar iyaka, a gidan wata mata ƴar Paraku da muke ce wa Tanti Odila. A wurinta na koyi sana'a tun ina budurwa. Ta ajiye mini roba da bota da sukari a ciki, ta miƙo mini muciya, ta ce in buga har ya yi fari. Na buga har na daina jin hannuna. Ta zo ta lakato da yatsa, ta murza, ta ji ƙwayar sukari ba ta narke ba, ta ce, "Ankor," wato a sake. Kalmar Faransanci ta farko da na haddace ke nan, kuma na ji ta fiye da sunana a gidan nan. Kwaɓin burodi kuwa a komin katako ake yinsa, dogo kamar ƙaramin jirgin masunta. Ki durƙusa, ki danna da dunƙulen hannu, ki naɗe, ki ɗaga, ki maka. In kin ce ya yi, sai ta gutsuri kaɗan ta nufi bakin ƙofa, ta ja shi a hankali tsakanin yatsunta tana ɗaga shi ga haske. In ya miƙe ya yi siriri har ana ganin inuwar yatsa ta bayansa, ya yi. In ya yage, kin san kalmar da za ki ji.

Da na yi aure na dawo Gaya, wannan gefen gadar, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sa aka gina mini tanderun ƙasa a tsakar gida. Ina yin cincin da gato in an yi suna ko biki, amma abin da ya riƙe gidan nan burodi ne mai sukari, na masu shayin tasha da na wajen duwan, inda ƴan kwastan suke. Babban mai saye a wurina Bagudu mai shayi ne, mutum ne da bai taɓa yabon abu da baki ba. Direbobin manyan motoci ke karyawa a teburinsa, su kuwa ba sa cin burodi haka nan, tsoma shi suke yi cikin kofi. Burodin da bai sha kwaɓi ba, yana shiga shayi sai ya narke ya koma kunu, direba ya ɗaga hannu ya ga ba komai. Wanda ya kwaɓu zai sha shayin ya ƙoshi, ya fito a tsaye. Don haka duk sirrin burodina a kafaɗata ta dama yake, kuma ita na yi ta ci shekara da shekaru ban sani ba.

Wata safiya na ɗaga hannu zan ɗaura ɗankwali, hannun ya tsaya a rabin hanya ya ƙi. Na sha sassaƙe, an yi mini tausa, an yi ƙaho, duk a banza. Likitan da na gani a asibiti ya juya hannun nan ya ji yadda yake ƙara, ya tambayi sana'ata, ya ce in dai ina son in riƙa sa riga da kaina, in rabu da komi. Ɗan farina, wanda ke koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Doso, har mutane na ce masa Metir, wato malam, yana jin labari ya kira. Ya ce ɗakina na nan a gidansa, in tattaro in taho in huta. Yaron kirki ne, matarsa ma ba ni da abin cewa a kanta. Amma ni da na saba ciyar da tasha guda, in koma zaman jiran a kawo mini kwano, ban ga ranar da zan iya ba. Na ce masa ya dakata, inji zan saya.

Ranar sayen, ni da ƙawata Zalika muka haye gada. Ita gato kaɗai take yi, irin mai hawa-hawa da ado. Muka je shagon wani mai sayar da kayan da aka yi amfani da su, waɗanda ake kwasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Na tafi da bokiti a rufe. Mai shagon ya ce, "Hajiya, mi ke cikin bokiti?" Na ce kwaɓi ne. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya zo sayen inji da aikinsa a hannu ba. Na ce, "To yau ka gani. Kowane inji mai kyau ne in kwanonshi ba kowa ciki."

Iri uku ya nuna mana, kuma har yau su ne dai kuke gani a wayoyinku, fenti ne kawai ya canja. Na farko ƙarami ne ja, wanda ake ɗaga kansa baya a cire kwano. Yana da kawuna uku: ƙugiya ta burodi, mai faɗi irin muciya ta bota da sukari, da maburgin waya na ƙwai. Na zuba masa rabin kwaɓina. Bai daɗe ba kansa ya fara gyaɗawa kamar na ƙadangare, ya soma tafiya a kan tebur, na ɗora hannu a bayansa na ji zafi, har da ɗan warin ƙuna. Na ce a kashe kafin a ce ni na kashe shi. Na biyu ya fi girma, kansa ba ya motsi, kwanon ake ɗagawa da mariƙi a gefe. Wannan ya juya kwaɓin ba laifi, sai dai kwaɓin na hawa ƙugiya yana naɗewa, sai an tsaya an sauko da shi. Kuma gabansa duk ƴan maɓallai ne masu haske. Na tambayi mai shago wa ke gyara su in sun mutu, ya ce a Kwatano akwai. Ni kuma a Gaya nake.

Na uku yana can ƙurya an jibga masa kwali. Baƙi ne, fentinsa ya kwaile, ƙarti sai sun haɗu suke ɗaga shi. Ƙugiyarsa murɗaɗɗiya ce ba a cire ta, kuma shi kwanon ma juyawa yake yi. Ba ya buga ƙwai, ba ya buga bota, abu ɗaya ya sani a duniya. Aka jona shi, na juye masa bokitin duka. Bai ko canja murya ba. Yana ja, yana naɗewa, yana dannawa, daidai yadda Tanti Odila ke so. Da aka tsayar na gutsura, na nufi ƙofar shago na ɗaga ga haske, na ga inuwar yatsana.

Zalika ta ce, "Ke dai wanga mummunan abu za ki kai gida? Ko hoto ba a ɗauka kusa da shi." Na ce ba aurensa zan yi ba. Ita ta ɗauki jan, kuma daidai ta yi, don mai gato abin da take so ke nan, ya buga ƙwai ya tashi, a ɗaga kai a goge kwano cikin sauƙi. Abin da nake gaya muku ke nan kuke jin kamar rowar amsa nake yi. Mai gaton suna jefi-jefi, ɗan na hannu ma ya ishe ta. Mai yin komai kaɗan-kaɗan ta nemi mai ɗaga kwano. Mai burodi ta nemi nauyi, ta manta da kyau.

Kwaɓin farko da na yi da shi a gida, a tsakiyar bazara ne, kuma ya koya mini cewa inji ba ya ɗauke wa mutum tunani. Hannu ba ya ɗumama kwaɓi sosai, amma ƙarfe na yi. Ga zafin Gaya, ga zafin inji, kafin in gama yanka na farko na ƙarshe ya kumbura ya yi tsami. Daga nan na koyi jefa ƙanƙara cikin ruwan kwaɓi. Na koyi cewa ruwa ake fara zubawa kafin fulawa, kar gari ya kwanta a gindi. Na koyi cire zobe, da soke bakin mayafi a ƙugu, don abin da ke juya buhun fulawa bai san bambancin kwaɓi da hannun mutum ba. Na kuma koyi saurare. Da fari ƙararsa caɓal-caɓal ce, in kwaɓi ya kusa sai ya saki jikin kwano ya fara marinsa, fat, fat. Ko ina bakin tanderu ina jin wannan marin na san lokaci ya yi. Kafaɗa ta lafa, na koma ɗaura ɗankwalina, Metir ya daina zancen Doso.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Kun san ta, ba ku yi ƙanƙanta ba. Gada ta tsaya cik, wutar lantarki ta tafi, in ma ta leƙo sai ta zo rabi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. In na kunna injin sai ya yi gurnani, ƙugiya ta ƙi motsi. Abin haushin, ba a taɓa neman burodi kamar lokacin ba. Jama'a da kaya duk sun koma hayewa ta kwale-kwale, Bagudu ya kwashe teburinsa ya koma bakin kogi, masu tuƙi da ƴan dako suna layi a gabansa. Fulawa ta yi tsada amma ana samu, ita ma ta ruwa take hayowa. Itace ina da shi, tanderu ba ruwansa da lantarki. Kwaɓi kaɗai ya gagara.

Zalika ta aro mini ɗan gurup ɗinta, ƙaramin janaretan da take kunna jan injinta da shi lafiya lau. Muka jona nawa. Gurup ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Muka sake, ya sake mutuwa. Mai gyara ya ce moter ɗin injina yana zuƙar wuta da yawa wajen tashi, sai babban gurup, shi kuwa a lokacin ko ganinsa ba a yi a kasuwa. Zalika ta ɗauki abinta ta tafi. Da ma ta yi mini gori, da ya fi mini sauƙi. Ranar na tsaya ina kallon baƙin abin nan na ce a raina, da na ɗauki mai ɗaga kwano, da yanzu ko kaɗan-kaɗan ne ina yi.

Na fito da komin katako daga ɗakin ajiya, na wanke, na durƙusa. Kwana kaɗan kafaɗa ta kumbura har ba na iya kwanciya ta ɓangaren. Na kira wasu mata biyu maƙwabta su taya ni, sun yi iya yinsu, amma su tuwo suka saba tuƙawa, da kwaɓi ya haɗe sai su ce ya yi. Bagudu ya karɓi burodin haka nan, ya sake karɓa. Rannan ya zo da kansa, ya tsaya a zaure yana murza hula. Ya ce, "Hajiya, ba ni son faɗi. Masu jirgi sun ce burodin na zama cikin kofi. Ni dai ban je wurin kowa ba tukuna." Wannan tukuna ɗin na ji ta sosai.

Metir ya kira da la'asar ɗin ranar, wani ya kai masa labarin hannun. Wannan karon bai roƙa ba. Ya ce, "Inna, ya isa hakanan. Kahin a koma lakwal ina tahowa da mota in ɗauke ki. Ki shirya kayanki." Ban ce to ba, amma ban ce a'a ba, don ba ni da abin da zan kafa a'a ɗin a kansa. Na lulluɓe injin da buhu. Na fara ninke zannuwana ina jerawa a kan gado, kullum kaɗan.

Ana cikin haka ƙanena Idi ya zo daga Tunuga duba ni, da busasshen kifi a leda. Manomin shinkafa ne, kuma shi ke gyara wa ƴan garinsu injinan ban ruwa. Ya gaishe ni, ya ci abinci, ya tambayi abin da ke ƙarƙashin buhu. Na ce gawa ce. Shi da ba ya iya ganin ƙarfe ya wuce, ya yaye buhun, ya zaga baya, ya ciro sukundireba daga aljihu ya kwance murfin da ni ban taɓa buɗewa ba. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, "Yaya, zo ki gani."

Na leƙa. Ba komai a ciki sai moter a ƙasa, da wani faifan ƙarfe a sama da suke ce wa fuli, da baƙar igiyar roba ta haɗa su.

Ya ce, "Wanga inji ba ruwanshi da kuran, wutar ga ta lantarki. Moter ɗin ne ka son kuran. Shi abin da za ya ja mashi igiyar ga kawai yake biɗa, ko jaki ne."

Na ce, "To ina zan samu jakin?"

Ya ce, "Yana gida kwance. Damana ce, Allah na ba shinkafa ruwa kyauta, injina na ban ruwa bai da aiki sai rani."

Na ce fetur fa, da ya zama abin da ya zama. Ya ce ai tuni suka mai da nasu masu aiki da tukunyar gas, irin ta girki.

Bayan kwana biyu ya dawo da injin a amalanke. Ya raba shi da famfon, ya kira mai walda ya yi masa gindin ƙarfe. Suka kafa shi a waje bayan ɗakin kwaɓi don hayaƙi kar ya taɓa mini gari, suka huda bango, suka zuro doguwar igiya ta ramin. Na zuba ruwa, na zuba fulawa, na ce bismillah. Idi ya ja igiyar tayarwa daga waje. Abin da ya biyo baya ban ga farkonsa ba, na dai ji fuu, ɗaki ya yi fari fat. Kwano na gudu kamar zai tashi sama. Ina ihu a kashe, shi yana waje ƙarar inji ta hana shi ji. Da ya shigo ya gan ni, gari har cikin gira, sai ya jingina da bango yana dariya har da hawaye, ƙaton mutum mai jikoki. Ni ban yi dariya ba, fulawar nan ta ruwa ta hayo.

Ya ce gudu ne ya yi yawa, injin ban ruwa bai san a hankali ba. Ya shiga gari wurin masu injin niƙa, ya dawo da wani tsohon fuli mai faɗin faranti, ya ce in na sama ya fi girma gudun zai ragu. Aka sake walda, aka sake auna igiya. Ni kuma ina da tawa matsalar, ba wuta ba ƙanƙara. Sai na cika randa na rufe ta da jiƙaƙƙen buhu ta kwana, na rage yis, na ce da sanyin safiya za mu gwada, kafin rana ta taɓa kwanon rufi.

Da safe Idi ya ja igiyar tayarwa. Wannan karon kwano ya juya da natsuwa, ƙugiya ta shiga gari ta fara aikinta. Ƙarar injin waje ta cika kunne, sai da na sunkuya kusa da kwano ina saurare. Caɓal-caɓal, caɓal-caɓal, na daɗe ina jin wannan. Can sai na ji fat. Na ƙara matsawa. Fat, fat. Na buga bango Idi ya kashe. Na sa bayan hannu, kwaɓi da sanyinsa. Na gutsura na fita tsakar gida na ja shi ga haske, ya miƙe, ya ƙara miƙewa, bai yage ba. Na kife bokiti na zauna a kai. Tun da aka rufe gadar nan ban ja numfashi ya kai ƙasa ba sai ranar. Na yi hamdala, na sake yi, wani sanyi ya sauko mini tun daga wuya har cikin kafaɗar mai ciwo.

Na aika wa Bagudu kashin farko da zafinsa, na bi baya da kaina har bakin kogi. Ya yaga ɗaya, ya tsoma a kofin shayi, ya bar shi ya jima fiye da yadda kowane direba zai yi, don mugunta. Ya ɗaga, burodi ya fito a tsaye yana ɗiga. Ya cinye, ya goge baki, ya ce, "Gobe ki ninka." A wurin Bagudu wannan kirari ne.

Da rani ya zo Idi ya karɓi injinsa, lokacin na samu nawa irinsa na kafa a gurbin, kuma ko da wuta ta dawo ban cire shi ba. Amma wannan daga baya ne.

Metir ya iso ranar wata Asabar da hantsi, kamar yadda ya ce. Ban gaya masa komai a waya ba, na san zai ce dabara ce ta ƙin tafiya. Tun daga bakin titi ya ji ƙara, ya shigo da sauri yana zaton wani abu ne ya faru, riƙe da wata ƙatuwar jaka da ya sayo don kayana. Ya tarar da ni a bakin tanderu. Ya duba ramin bango, ya fita ya zaga ya ga injin, ya dawo ya tsaya kan kwanon da ke juyawa. Ya ce, "Inna, ɗaga hannun in gani." Na ɗaga shi har sama, na gyara ɗaurin ɗankwalina da shi a gabansa.

Ya dubi abin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "To jakar ga fa?"

Na ce ya ajiye ta nan, ya cire agogo ya kama mini farantan nan, wuta na wucewa. Ya yini yana jido burodi, rigarsa ta lakwal duk toka. Da la'asar na buɗe jakar, na shimfiɗa takarda a ciki, na jera burodi har baki, na ce na yara ne da na uwarsu. Da ƙyar zif ɗin ya rufe. Ya sa ta a kujerar gaba, inda ya share don ni, ya ja mota. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na koma ɗaki na kwashe zannuwana daga kan gado na mai da su cikin akwati.